Yadda Ake Shirya Gida Kafin Mahaukaciyar Guguwar Teku Ta Iso

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, tambaya iri ɗaya ce ke yawan zuwa daga 'yan uwa mazauna Houston, New Orleans, Tampa, Miami da sauran garuruwan gaɓar tekun Amurka, musamman ɗalibai da waɗanda ba su daɗe da kai iyali ba: an ce guguwa na tafe, da me za a fara? Lokacin guguwa a tekun Atilantika yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ga matakan bi da bi. Ku kula da jerin, domin yawancin wahalar da ake sha ta yin aiki ne a makare.

1. Ku fara da shawarar tashi ko zama

Kafin sayen ko tocila, ku bincika ko gidanku yana cikin shiyyar da ake kwashe mutane. Hukumar agajin gaggawa ta yankinku tana da taswirar a shafinta na intanet. A Florida ana raba shiyyoyin da haruffa, A ce ta fi kusa da haɗari. A yankin Houston da Galveston kuwa da lambar gidan waya ta unguwa, wato ZIP code, ake rabawa. Ku rubuta harafin ko lambar ku manna a jikin firij.

Dalilin fara wannan shi ne ruwa ya fi iska kisa. Ƙididdigar mace-macen da irin wannan guguwa ta haddasa kai tsaye a Amurka tsakanin 1963 da 2012 ta nuna kusan tara cikin goma ruwa ne sanadinsu, kusan rabi kuma daga tumbatsar teku, wato lokacin da iska ta turo ruwan teku ya hau tudu. Haka guguwar da aka sa wa suna Ian ta yi wa yankin Fort Myers na Florida a 2022. Babu katako ko buhun yashin da zai tare irin wannan ruwa.

Idan kuna shiyyar da aka ba umarnin tashi, ku tashi. Haka ma idan gidan tirela kuke zaune, ko akwai mai amfani da na'urar numfashi ko mai zuwa wankin ƙoda, ko mace mai tsohon ciki. Wanda gidansa ke da ƙwari, yana nesa da teku, kuma unguwar ba ta saba cika da ruwa ba, yawanci zamansa ya fi. A 2005 da Rita ta nufo Texas, miliyoyin mutane suka fito hanya lokaci guda, har da waɗanda ba su cikin haɗarin tumbatsa, fiye da mutum 100 suka mutu a cunkoson da zafin hanya.

Gargaɗi: kada lambar rukunin guguwa ta ruɗe ku. Rukuni na 1 zuwa na 5 gudun iska kawai yake aunawa, daga kilomita 119 a awa zuwa 252 da abin da ya fi. Bai faɗin yawan ruwan sama. Harvey ta riga ta yi rauni sosai lokacin da ta tsaya tana zubar da ruwa a kan Houston a 2017, wani wuri a kudu maso gabashin Texas ya samu fiye da mita ɗaya da rabi. Helene a 2024 ta yi mummunar ɓarna a Asheville da ke cikin duwatsun North Carolina, ɗaruruwan kilomita daga inda ta sauka.

2. Ku san awa nawa suka rage

Cibiyar Kula da Guguwa ta Ƙasa da ke Miami tana fitar da sanarwa duk bayan awa 6, idan abin ya matso kuma tana ƙara wasu a tsakani. Sanarwar Hurricane Watch, wato guguwa na iya zuwa, tana fitowa awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara, Hurricane Warning kuma, wato ana sa ran zuwanta, awa 36. Lissafin ba na isowar tsakiyar guguwar ba ne, na lokacin da iska za ta kai kilomita 63 a awa ne, wanda daga nan hawa tsani ko ɗaukar katako ya zama ganganci. Duk aikin waje sai ya ƙare kafin wannan lokaci.

Zanen nan mai faɗaɗa gaba da ake nunawa a talabijin hanyar da ake zaton tsakiyar guguwar za ta bi ce kawai. Iska da ruwa suna wuce gefensa nesa ƙwarai. Ganin garinku a waje da shi ba dalilin sakin jiki ba ne.

3. Inshora da takardu

Wannan aikin farkon lokacin guguwa ne. Inshorar gida ta yau da kullum, ta mai gida ko ta ɗan haya, ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Inshorar ambaliya daban ake saye, kuma ta shirin gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Kamfanoni ma suna dakatar da sabon rajista da zarar guguwa ta tunkaro yanki. Ku duba kuma kason da za ku biya daga aljihu idan ɓarnar guguwa ce, domin sau da yawa kaso ne na darajar gidan: kashi 2 cikin ɗari na gidan dala 300,000 dala 6,000 ke nan kafin kamfani ya biya ko sisi.

Ku zagaya ɗaki-ɗaki da waya kuna ɗaukar bidiyo, a buɗe durowa da kabad, a nuna lambar jikin talabijin da kwamfuta. Fasfo, biza, katin zama, takardun makaranta, na haihuwa, na aure, na haya da na mota su shiga leda mai zif, ledar kuma cikin jakar da za a fita da ita. Ku ɗauki hotonsu ku tura wa kanku ta imel. Baƙo da fasfonsa ya jiƙe ya lalace yana da doguwar wahala gabansa fiye da ɗan ƙasa.

4. Ruwa

Ma'aunin hukuma shi ne galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana, na sha da ɗan tsafta. Kwana 3 ne mafi ƙaranci, amma ku yi lissafin kwana 7. Gida mai mutum shida zai buƙaci galan 42, kusan lita 160, wato katan takwas na ruwan gora mai guda 40 na rabin lita. Mai shayarwa, maras lafiya da jariri mai shan madarar gwangwani suna buƙatar ƙari.

Ba dole ba ne a je layin kanti. Ruwan famfo kafin guguwa lafiyayye ne. Ku wanke jarkoki, kuloli, manyan tukwane da gorunan lemo, ku cika ku rufe. Kada a yi amfani da gorar madara, ba ta wankuwa sosai, kuma kada a zuba ruwan sha a mazubin da ya taɓa ɗaukar sinadari.

Galan ɗayan nan bai haɗa da alwala, tsarki da kora masai ba, kuma gidan Musulmi a nan ruwa yake ƙarewa. Saboda haka a wanke bahon wanka a cika shi, a toshe rariyar da kyau domin toshiyar da ke jiki tana yoyo a hankali. Bokiti guda idan aka kwara shi da ƙarfi cikin masai yana kora shi. Idan ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishi, a bar na sha don sha, shari'a ta ba da damar taimama.

Gargaɗi: baho cike da ruwa haɗari ne ga yaro mai rarrafe ko tatata. A kulle ƙofar banɗakin.

Idan an sanar cewa ruwan famfo ya gurɓata, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka. In babu wuta, a ɗiga ɗigo 8 na bilic na wanki maras ƙamshi, mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, a galan ɗaya, a motsa a bar shi minti 30. Ruwa mai duhu a tace shi da kyalle a ninka ɗigon. Bilic mai turare ko wanda aka haɗa da sabulu ba ya shiga ruwan sha.

5. Abinci, firij da magani

Ku tanadi abin da ake ci ba tare da girki ba: garin kwaki da sukari da gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, biskit, burodi, man gyaɗa na shafawa, kifin gwangwani, waken gwangwani, madarar gari. Buhun shinkafa da taliya ba su da amfani idan murhun na lantarki ne kuma ruwa a ƙidaye yake. Ku tabbata akwai mabuɗin gwangwani na hannu, da faranti da cokulan yarwa don kada wanke-wanke ya cinye ruwa.

Firij a rufe yana riƙe sanyi awa 4 bayan ɗauke wuta. Firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24. Kwana biyu kafin guguwa ku kai su ƙarshen sanyi, ku cika guraben firiza da gorunan ruwa, a bar ɗan sarari a kowace gora saboda ƙanƙara tana kumbura. Su za su riƙe sanyin, in sun narke kuma a sha. Ku ware kula daban don abin da ake yawan ɗauka.

Gidaje da yawa suna sayen rago ko kason sa na halal su cika firiza. Daga Agusta zuwa Oktoba a rage wannan. In guguwa ta taso da nama a ajiye, a soya abin da za a iya tun da wuta, soyawa ta ƙafe ruwa kamar naman layya, a fara cinsa. Ku sa ma'aunin sanyi na 'yan daloli a ciki. Nama, kifi, madara ko ragowar miya da suka wuce awa 2 sama da digiri 4 a ma'aunin Selshiyos a zubar, ko da ba su yi wari ba.

Magungunan hawan jini, ciwon sukari, asma da farfaɗiya a karɓo na aƙalla mako biyu. A Florida doka ta ba da damar sake karɓar magani kafin lokacinsa idan an ayyana dokar ta-ɓaci, wasu jihohin ma suna da makamancin haka, ku tambayi mai ba da magani. Yawancin insulin, allurar masu ciwon sukari, yana jure kwana 28 a zafin da bai wuce digiri 30 ba, amma kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, daskarewa tana lalata shi.

6. Haske, waya, kuɗi da mai

Tocila ɗaya ga kowane mutum, da fitila mai batir ta tsakar ɗaki, da ƙarin batura. A bar kyandir, domin idan gobara ta tashi a tsakiyar guguwa 'yan kwana-kwana ba za su fito ba. Rediyo mai batir yana aiki lokacin da intanet ta mutu. A cika cajin wayoyi da ma'ajin caji tun da wuri.

Ku ciro tsabar kuɗi, ƙananan takardu na dala 5, 10 da 20, domin na'urar kati ba ta aiki babu wuta kuma mai kanti ba zai sami canji ba. Tankin mota a cika shi da zarar an fara maganar guguwa. Idan aka jira sanarwar awa 36, gidajen mai sun ƙafe.

Ku zaɓi mutum ɗaya a wata jiha ko a gida wanda kowa zai tura wa labari, shi kuma ya sanar da dangi. Gajeren saƙon tes yana wucewa lokacin da kira ya ƙi shiga. Ku gaya wa iyaye tun kafin lokacin cewa shirun kwana biyu ko uku rashin wuta ne, don kada hankalinsu ya tashi, kada kuma amsa kira ya cinye batir.

7. Tagogi, ƙofofi da tsakar gida

Duk abin da iska za ta iya ɗauka a shigo da shi: kujeru, kwandon shara, tukwanen fure, kekuna, abin gasa nama. A share magudanar rufi da kwatar bakin titi. Saran rassa aikin watan Mayu ne. Reshen da aka sare kwana ɗaya kafin guguwa aka tara a bakin hanya shi ne zai dawo ya fasa taga.

Idan babu murfin taga na ƙarfe, a yi amfani da katakon filawud na waje mai kaurin biyar bisa takwas na inci, kusan milimita 16. Fallen ƙafa 4 da 8 yakan kama dala 30 zuwa 50, yana kuma da nauyin fiye da kilo 20, don haka aikin mutum biyu ne. A gidan katako, a yanka shi ya zarce taga da inci 4 ta kowane gefe, a ɗaure da sukuru masu shiga inci 2 cikin ginshiƙin bango, tazarar kusan inci 12 tsakaninsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure shi a kan adon bakin taga, iska ta cire su tare. A gidan bulo ana yanka shi daidai cikin ramin tagar, a riƙe da maƙalan ƙarfe da ake sayarwa don haka. A rubuta sunan ɗaki a kowane falle saboda baɗi. Ɗan haya ya tambayi mai gida tun farkon lokaci wa ke da alhakin wannan.

Gargaɗi: manna salatif a gilashi ba ya hana shi fashewa, sai dai ya sa ya fashe manya-manya. Barin taga a ɗan buɗe wai don iska ta wuce shi ma kuskure ne, iskar da ta shiga gida rufi take ɗagawa. Kuma kada a rufe kowace mafita da katako, a bar aƙalla ƙofa biyu da za a iya buɗewa daga ciki.

Ƙofar gareji ita ce wuri mafi rauni a gidaje da yawa saboda faɗinta. Akwai sandunan tokare ta da ake saye. Buhunan yashi kuwa ruwa mai ƙasa da gwiwa kawai suke ragewa: a cika su rabi zuwa biyu bisa uku, a shimfiɗa leda a jikin ƙofa, a jera su ana saɓa gaɓoɓinsu. Kayan lantarki, darduma da littattafai a ɗaga su sama. Mota a kai ta tudu, nesa da bishiya. Mai mota mai aiki da lantarki ya fitar da ita daga inda ruwan gishiri zai kai, bayan Ian an ga irinsu suna kamawa da wuta.

8. Janareta

Yawancinmu mun saba da janareta tun daga gida, kuma sabon ne ke jawo sakaci. Gidajen Amurka a toshe suke ruf, hayaƙin da ya shiga ba ya fita. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi, tana fara da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuma ba ya farkawa. Bayan Laura a Louisiana a 2020, da yawa daga cikin waɗanda suka rasu hayaƙin janareta ne ya kashe su bayan guguwar ta wuce.

A ajiye shi a fili, aƙalla ƙafa 20, wato mita 6, daga kowace ƙofa ko taga, bututun hayaƙi yana kallon nesa da gida. Ba a gareji ba ko da ƙofar a buɗe, ba a baranda ba, ba a ƙarƙashin taga ba. Mai zama a bene na haya ba shi da wurin da ya cika wannan sharaɗi, ya nemi babban batir mai caji. A sa na'urar gano wannan iska mai batir kusa da ɗakunan kwana, dala 20 zuwa 40 ce. In ta yi ƙara, kowa ya fita waje sannan a kira lambar gaggawa ta 911.

Kada a jona janareta a soket na bango don ya ba dukan gida wuta. Wutar tana komawa layin waje ta kashe ma'aikacin da ke gyara. Ko dai a ja waya mai kauri kai tsaye zuwa firij da fanka, ko ƙwararre ya sa makunnin sauya layi. A kashe shi ya huce kafin zuba mai. Ku gwada tayar da shi yanzu, tsohon fetur yana toshe kafireto. Kurfoti, gawayi da murhun gas na waje su ma hukuncinsu ɗaya, ba sa shiga ɗaki.

9. Idan tashi za ku yi

Ku fita da sassafe, tun kafin hanya ta cika. Ba sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba, gidan ɗan uwa ko otal a tudu, waje da shiyyar haɗari, ya isa. Kafin fita a cire filogi, a rufe babban famfon ruwa, a kashe babban makunnin wuta idan ana tsoron ambaliya, a rufe tukunyar gas. Gas na bututu kuwa kada a rufe shi sai hukuma ta ce ko an ji warinsa, domin ma'aikaci ne kawai zai sake buɗewa.

Don sanin matsugunin gaggawa mafi kusa, a tura saƙon tes mai kalmar SHELTER da lambar ZIP ta unguwa zuwa 43362. A tafi da bargo, magani, caja, kayan jarirai, hijabi da dardumar salla, da abincinku, domin ba lallai a samu na halal ba. Wanda ba shi da mota ko yake da naƙasa ya kira 211 tun da wuri ya yi rajistar neman taimako.

10. Lokacin da take kadawa

A taru a ɗaki na tsakiya maras taga a hawa na ƙasa, matuƙar ruwa bai shigo ba, kowa da takalmi a ƙafa, da katifa kusa don rufe kai. Kada a shiga lif. Idan iska ta tsaya cak, wataƙila tsakiyar guguwar ce ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya gefen da ƙarfinta cikin mintuna. A jira sanarwar rediyo.

In ruwa ya fara shigowa, a kashe babban makunni tun ƙasa a bushe, kada a taɓa shi ana tsaye cikin ruwa. A hau bene. Kada a shige tsakanin silin da rufi inda babu mafita, a Katrina a 2005 mutane sun mutu a irin wannan wuri. In ya zama dole, kan rufi ake hawa a kira 911.

11. Bayan ta wuce

Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, 30 yana ɗaukar ƙaramar mota, 60 yana ɗaukar babbar mota. Hanyar da ruwa ya rufe a juya kawai. Ruwan ambaliya yana ɗauke da ƙazantar masai, macizai da tururuwa masu cizo, kada yara su shiga. Duk wayar da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta. In an ji warin gas a fita, kada a kunna ko kashe komai.

Zafi ma yana kisa. Beryl rukuni na 1 ce kawai da ta sauka Texas a Yulin 2024, amma ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 babu wuta a yankin Houston, wasu fiye da mako, tsofaffi suka mutu saboda zafi. Ku kai tsofaffi da jarirai cibiyoyin sanyaya jiki da hukuma ke buɗewa, ku leƙa maƙwabcin da ke zaune shi kaɗai.

A ɗauki hoton ɓarna kafin a taɓa komai, har da alamar inda ruwa ya tsaya a bango. Sannan a rufe rufin da ya yaye da tamfol, a fitar da kafet da katifun da suka jiƙe, domin fumfuna tana fara tsirowa cikin awa 24 zuwa 48. A ajiye kowane rasit. A kira kamfanin inshora a ranar, idan kuma an ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya shafa, a nemi tallafin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ta 1-800-621-3362 ko shafin DisasterAssistance.gov. Rajistar kyauta ce, duk wanda ya nemi kuɗi don ita ɗan damfara ne. Mai gyaran da ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman a biya shi duka kafin aiki, a nemi lasisinsa da rubutacciyar yarjejeniya, kuma kada a sa hannu a takardar da ke miƙa masa haƙƙin karɓar kuɗin inshorarku.